Wanda Aka Manta a Lissafi

'Ya'yana da jikokina, ku matso kusa, ina da 'yar magana da ku, kuma ba faɗa zan yi ba. Na daɗe ina juya ta a raina, tun daren da na dawo daga sallar isha'i na jiyo shewarku tun daga bakin layi. Na ɗauka ƙwallo kuke kallo. Da na shigo zaure sai na tarar da ku wajen takwas, kun yi wa kwamfuta guda ɗaya zobe, wani na dukan cinya don dariya, wani na cewa a maido wurin a sake gani. Na leƙa, sai na ga mutane ne ake kashewa a cikin jirgin ƙasa. Kuka matsa mini a kan tabarma, kuka mayar da fim ɗin farko saboda ni, Allah ya yi muku albarka da wannan ladabi. Na zauna na kalle shi har ƙarshe, awa biyu da 'yan mintoci, ban ce uffan ba. Rabin lokacin allon nake kallo, rabi kuma fuskokinku. Abin da na gani a fuskokin nan shi ne dalilin wannan magana.

Sunan fim ɗin Bullet Train, na Amurka ne, ya fito a watan Agusta na 2022. Asalinsa littafi ne da wani marubuci ɗan Japan, Kotaro Isaka, ya wallafa a 2010. Labarin ba shi da wuyar riƙewa. 'Yan ina-da-kisa ne, masu karɓar kuɗi su ɗauke ran mutum, suka haɗu a jirgin ƙasa mai tsananin gudu da ya tashi daga Tokiyo zai tafi Kiyoto. Kowa da aikin da aka turo shi, kowa bai san da zuwan ɗan'uwansa ba, ga kuma wata jaka mai dala miliyan 10 da ake ta wawaso a kanta. Brad Pitt ne ɗan wasa, mutum mai yawan kukan rashin sa'a, wanda ya ce ya gaji da zubar da jini har ya ƙi ɗaukar bindiga, amma duk inda ya juya sai wani ya mutu a gabansa. Akwai wasu biyu da ake ce wa tagwaye, ɗaya baƙi ɗaya fari, masu sunayen kayan marmari, Lemo da Tanjarin. Akwai yarinya mai fuskar salihai wadda ta hankaɗo ƙaramin yaro daga saman bene. Akwai mai kisa da dafin maciji. Can a ƙarshen hanya kuma bos na jira, wanda ake yi wa laƙabi da Farar Mutuwa.

Gaskiya ɗaya ce, an iya aiki a fim ɗin nan. Wanda ya ba da umarni, David Leitch, ya daɗe yana sana'ar tsaya wa 'yan wasa a wuraren haɗari. Shekaru ya yi yana faɗowa yana shan duka a madadin shi wannan Brad Pitt ɗin, sai a nuna fuskar wani. Da hannunsa kuma a fim ɗin John Wick na 2014, wanda na ji kuna yawan ambata. Mutum ne da ya san yadda jiki ke faɗuwa, shi ya sa faɗan nasa ya fita kamar rawa. Wurin nan da mutum biyu ke naushin juna a taragon da aka hana surutu, wata fasinja na ta yi musu alamar su yi shiru, su kuma suna dannar juna suna murmushin dole, na gane abin da ya ba ku dariya a ciki.

Kada kuma ku ɗauka wanda bai san daɗin silima ba ne ke muku magana. Muna samari a Kano, mun shiga Plaza, mun shiga Orion, mun shiga Eldorado. A fili ake zama ba rufi, sai duhu ya yi a saki fim. Mun ga kaboyi, mun ga Indiya, mun ga Chanis. Burus Li ya rasu tun 1973, amma shekaru bayan haka in an tashi daga fim ɗinsa za ka ga samari sun fito suna harbin iska da ƙafa suna irin kukan nan nasa har gida. Iyayenmu ba sa so, mai zuwa silima a lokacin ba a ba shi mata da sauƙi. Saboda haka ganau ne ni. Sai dai akwai bambanci tsakanin kallonmu da naku, kuma ba ƙarami ba ne. Mu sai mun tara kuɗin ƙofa, mun taka da ƙafa, sau ɗaya a mako in an yi sa'a. Ku kuwa silimar na aljihunku, kuna kwana da ita a ƙarƙashin bargo, wanda ya gama wannan ya je shagon masu tura fim a zuba masa goma. Abin da mu muke lasa, ku da shi kuke karin kumallo.

A can inda aka fara nuna fim ɗin, masu kallo sun rabu. Masu sharhi a jaridu kusan rabi da rabi suka yi. Wasu sun yaba barkwancin da iya tsara faɗa, wasu suka ce hayaniya ce da jini ba ciki, an bi sawun Quentin Tarantino da Guy Ritchie ba a kamo su ba. Jama'ar gari ba su tsaya sauraron masu sharhi ba, suka yi ta yankar tikiti. Fim ɗin ya zo na ɗaya a Amurka a makonsa na farko, ya kuma tara sama da dala miliyan 230 a duniya. Wani ƙorafi da ya yi ƙarfi ya fito ne daga 'yan asalin Asiya mazauna Amurka, waɗanda suka ce an ɗauki labarin Japanawa a ƙasar Japanawa an ba Turawa manyan gurabe. Suna da hujja, ko da yake shi marubucin bai nuna damuwa ba. Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne, an fi tayar da jijiyar wuya a kan launin fatar masu kisan fiye da a kan waɗanda aka kashe.

To, ga wurin da nake so ku tuna. Tagwayen nan biyu suna gardama a kan yawan mutanen da suka kashe a wani aiki, ɗaya ya ce 16, ɗaya ya ce 17. Sai fim ya koma baya, aka saki wata waƙa mai sanyi irin ta nishaɗi, suna ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, wannan da harsashi, wannan da takobi, suna tafe suna duban mai kallo kamar masu lissafin buhunan masara. A nan ne dariyarku ta fi ƙarfi, wasunku har suna taya su ƙirga da baki. Da aka kai ƙarshe sai aka gane inda saɓanin yake: na 17 ɗin wani bawan Allah ne mai wucewa a titi, bai san hawa ba bai san sauka ba, abin ya rutsa da shi. Shi ne wanda aka manta a lissafi. Fim ɗin ya mai da mantuwar ta zama ita ce abin dariyar, kuka kuwa yi. Ni kuma tun daga wannan dare mutumin nan nake tunani. Ina za shi? Wa ke jiransa a gida? Na san ƙagaggen labari ne, ba wanda ya mutu. Amma a rayuwar da muke ciki, yawancinmu a layin wannan mutum muke. Cikin ku takwas da ke zauren nan babu ɗan wasa, babu bos. Mu ne masu wucewa a titi, masu zuwa kasuwa, masu hawa mota a tasha.

Sai kuma wani abu ya faru da ya sanyaya mini rai. Can gaba, Tanjarin ya tarar da ɗan'uwansa kwance, ya ɗauka ya mutu, ya durƙusa a kansa. Daga baya shi Tanjarin ɗin ne ya mutu da gaske, Lemo ya farka ya same shi cikin jini. Zauren nan ya yi tsit. Na ga wanda ya fi kowa shewa a cikinku ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Ɗaya ya ce a hankali, kai, bai kamata a kashe wannan ba. Na ji daɗi ƙwarai, domin na tabbata zukatanku na nan da ransu. Amma ku tsaya ku duba. Wanda kuka yi wa shirun nan, shi da ɗan'uwansa ne suka kashe mutum 17 kuna dariya. Me ya bambanta mutuwarsa da tasu? Abu ɗaya ne tak: an nuna muku yana da ɗan'uwa. An nuna muku su suna yara tare, an bar ku kun saba da muryarsa. Sauran kuwa ba a ba su suna ba, ba a ba su uwa ba, daƙiƙa biyu aka ba kowannensu ya faɗi a wuce.

Wannan ita ce dabarar, kuma in kun gane ta kun fi ƙarfinta. Mai shirya fim shi ke zaɓa muku wanda za ku tausaya wa. In yana so ku yi kuka sai ya rage gudun hoto, ya kawo kiɗa mai taushi, ya tsaya a kan fuska. In yana so ku yi dariya sai ya sa waƙar biki, ya sa wanda ya yi kisan ya jefa wata magana mai ban dariya, ya ɗauke kyamara kafin gawar ta gama sanyi. Kun ga yadda aka yi da gawar ɗan bos, aka jingine ta a kujera aka sanya mata tabarau na wasan yara don masu wucewa su ɗauka barci yake. Abin da ba za a taɓa nuna muku a irin wannan fim ba shi ne washegari. Ba wanda zai je ya sanar da uwa. Ba wanka, ba likkafani, ba makara, ba masu haƙar kabari da zufa. Ba zaman makoki, ba matar da za ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, ba yaron da za a cire daga makaranta saboda mai biyan kuɗin ya tafi. Ni da na kai wannan shekaru na raka gawa ba adadi, kuma ina gaya muku, ita faɗuwar ce mafi gajarta a cikin al'amarin mutuwa. Abin da ke biyo baya shi ne mai tsawo, wani har ƙarshen rayuwar waɗanda aka bari.

Jirgin da aka gina labarin a kansa ma, na gaskiyarsa daban yake. Japanawa sun fara shi a 1964, suna kiransa Shinkansen, yana kai mutum daga Tokiyo zuwa Kiyoto a cikin awa biyu da 'yan mintoci, kuma tun da aka fara shi ba a taɓa rasa fasinja ba saboda karo ko kaucewa daga layi. Yawancin fim ɗin ma a ɗakunan ɗaukar hoto na Los Anjalas aka yi shi, a lokacin annobar korona. Ƙasar Japan na cikin ƙasashen da kisa da bindiga ya fi ƙaranci a duniya, shi ya sa da aka harbe tsohon firaministansu Shinzo Abe a birnin Nara ran 8 ga Yuli 2022, da bindiga ƙirar gida, ƙasar gaba ɗaya ta girgiza. Mutumin da ke zaune a irin wannan wuri, ko a wani gari mai kwanciyar hankali a Turai, in ya ga ana harbe-harbe a jirgin ƙasa a allo, tatsuniya yake kallo. Ya tashi ya hau jirginsa ya tafi gida.

Mu fa? Shekarar da fim ɗin ya fito, mu ma muna da namu jirgin. Ran Litinin 28 ga Maris 2022, da dare, 'yan bindiga suka tayar da bam a kan layin dogo tsakanin Abuja da Kaduna, a wajajen Katari, suka buɗe wa taragai wuta. Aƙalla mutum 8 suka rasu, aka kora sama da 60 cikin daji, da tsofaffi da mata da ƙananan yara. Wasunsu a can suka yi azumi, a can suka yi ƙaramar salla da babba. A watan Yuli aka saki bidiyon da ake dukansu da sanduna, ya zaga wayoyin mutane. A watan Agustan da duniya ke dariyar tagwaye a gidajen silima, akwai 'yan'uwanmu da ke kwance a ƙasa cikin ruwan damina suna jiran a fanshe su. Sai ran 5 ga Oktoba aka sako mutum 23 na ƙarshe, jirgin kuma bai koma aiki ba sai a Disamba.

Akwai wani abu daga wannan dare da har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Wata matashiyar likita da ke cikin jirgin ta rubuta a Twitter cewa an harbe ta, a taya ta da addu'a. Da yawa sun yi mata. Amma an samu waɗanda suka ƙaryata ta, har da masu yi mata ba'a. Gari ya waye aka tabbatar ta rasu. Ban ce fim ne ya sa su ba, wannan fim ɗin ma bai fito ba a lokacin. Irin zuciyar nake nuna muku, wadda ta saba ganin mutuwa ta bayan gilashi har ta daina gane ta in ta zo da gaske. Waɗanda suka yi ba'ar nan ba dodanni ba ne, na tabbata suna da iyaye, wataƙila sa'o'inku ne. Sun dai ga rubutu a allo, suka yi abin da suka saba yi wa abin da ke allo.

Zan yi adalci, don ba na son ku ce tsoho ya ɗora wa fim laifin duniya. Kallon fim shi kaɗai ba ya mai da mutum mai kisa. Japanawan nan suna da nasu fina-finan da jininsu ya fi wannan, ga shi kuma ƙasarsu lafiya lau. Masu tare hanya a dajin Birnin Gwari da Zamfara ba silima ce ta kai su ba, akwai talauci da jahilci da zalunci da rikicin ƙasa da makamai da suka yi yawa a hannun mutane. 'Yan daba sun girmi wayar salula. Abin da nake ji muku tsoro ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne sabo, wanda Hausawa suka ce turken wawa ne. Duk wanda ya taɓa shiga mayanka da safe ya san yadda ƙarnin jini ke bugun baƙo, mahaucin da ke ciki kuwa shayinsa yake sha. Shi mahauci sana'arsa ce ta halal, kuma dabba yake yankawa da sunan Allah. Amma ido da hanci haka suke, abin da suka daɗe suna gani sai su daina kai ƙara wurin zuciya. Alamar ba ta da wuyar gani a garuruwanmu yau. A yi haɗari a titi, mutum na kwance yana numfashi sama-sama, kafin a samu mai cire hularsa ya danne masa rauni an samu goma da suka zaro waya suna ɗauka. A kai hari ƙauye, kafin dangi su ji labari hoton gawar ɗansu ya riga su isa WhatsApp. Na san gidan da uwa ta fara ganin gawar ɗanta a wayar maƙwabciya. Wanda ya tura hoton bai yi da mugunta ba, ya ga abin kallo ne ya raba.

Mu ma fa muna da namu wasannin ƙarfi, ba mu taɓa zama mutanen da ba sa son kallon jarumtaka ba. Ku je gidan dambe ku gani. A can ma in ɗan dambe ya kai abokin karawarsa ƙasa cewa ake ya yi kisa, makaɗa su ɗauka, fili ya ruɗe da sowa. Amma wanda aka kashe ɗin yana tashi. Kana ganin kumburin fuskarsa, kana ganin mutanen ɓangarensu sun zo sun kama shi, ka san garinsu, wataƙila ka san ubansa. Sau da yawa wanda ya buge shi ne ke miƙa masa hannu. In turmi ya yi turmi ba kisa, a raba su kowa ya koma. Mai kallon dambe yana komawa gida da sanin cewa naushi na da zafi kuma wanda ya sha shi ɗan wani ne. Wannan sanin ne fim irin wanda kuka kalla yake wanke muku daga ido a hankali.

Ko su masu yin fim ɗin, ran da abin ya zama gaske ba mai dariya a cikinsu. Ɗan Burus Li, Brandon, yana da shekara 28 bindigar da ake amfani da ita a wasan ta kashe shi a wurin ɗaukar fim a 1993. A Oktoban 2021 wata mai ɗaukar hoto, Halyna Hutchins, ta mutu ta irin wannan hanya a jihar New Mexico, ta bar miji da yaro ƙarami. Nan take aka kashe fitilu aka tsayar da aiki, aka shiga kotuna shekara da shekaru. Rai ɗaya ke nan.

Kun karanta a Islamiyya labarin 'ya'yan Annabi Adamu biyu a cikin Suratul Ma'ida. Ku lura da inda labarin ya tsaya bayan kisan. Bai wuce da sauri ba, ya tsaya a kan gawar. Wanda ya yi kisan ya rasa yadda zai yi da jikin ɗan'uwansa har sai da hankaka ya nuna masa tonon ƙasa, daga nan nadama ta rufe shi. A nan kusa kuma aka daidaita kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa an wuce da gawar wani Bayahude, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko wane ne sai ya tunatar da sahabbai cewa shi ma rai ne. Tarbiyyar da aka ɗora mu a kai ke nan, ba ta san wani mamaci da ba ya shiga lissafi ba.

Ba zan ce ku daina kallo ba, domin na san ba za ku daina ba, kuma ban ga amfanin umarnin da za a karya a bayan idona ba. Hukuma ma ta gwada nata. Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai tun 2001, a 2021 kuma ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fina-finan Hausa. Ko me mutum zai ce game da wannan mataki, hannun hukuma bai kai cikin wayarku ba. Mai tacewar da ya rage shi ne wanda ke cikin ƙirjinku. Ku riƙa sauraron dariyarku. In ta kuɓuce muku a wurin da aka fasa kan mutum, ku ɗan tsaya ku tambayi kanku wa ya sa ku, kiɗan ne ko maganar da aka jefa. In kun ji irin wanda kuka kalla bara ya daina motsa ku, sai wanda ya fi shi jini kuke nema, to ku huta, ku ba idonku azumi na 'yan makonni. Ku riƙa cakuɗawa da labaran da ke bin mutum har gida, waɗanda in an mutu a cikinsu ake yin kuka.

Sai maganar ƙannenku, wadda ita ce ta fi damuna a daren nan. Akwai yaro ɗan shekara bakwai a gefen tabarma, ya buɗe ido ko ƙiftawa ba ya yi, in kun yi dariya ya dubi fuskokinku shi ma ya yi. Su kansu Amurkawan da suka yi fim ɗin sun sa masa alamar cewa wanda bai kai 17 ba ba zai shiga ba sai da babba. Tun 1961 wani malamin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Stanford, Albert Bandura, ya gwada yara ƙanana: waɗanda suka ga babba na dukan wata 'yar tsana, da aka bar su da ita sai suka yi mata irin dukan da suka gani, daga baya kuma ya samu haka ko da a fim suka gani. Kakanninmu ba su jira wannan ba da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kun san jinin nan rini ne, kun san wanda ya faɗi zai tashi ya karɓi kuɗinsa. Shi bai gama sani ba. Kuma ba daga allon kaɗai yake koyo ba, daga ku yake koyon abin da ake yi wa dariya. In za ku kalli irin wannan, ku tashe shi ya shiga wurin uwarsa, ko da zai yi kuka.

Abu na ƙarshe da nake roƙonku ba shi da wuya. In hoton gawa ko bidiyon wanda ake azabtarwa ya shigo wayarku, ya tsaya a kanku, ku goge shi, ku yi wa mai shi addu'a. In kun tarar da haɗari, waya ta zauna a aljihu sai in za ku kira taimako. In kuma kun ji an yi rasuwa a unguwa, ko ba ku san mamacin ba, ku ajiye abin da kuke yi ku bi sahu, ku sa kafaɗa a makara, ku tsaya har a gama rufewa, ku dawo ku zauna a tabarmar gaisuwa ku dubi fuskar 'ya'yansa. Ran da za a sake kiran salla ta jana'iza a masallacinmu zan leƙo zaure in kira ku, ina so in ga ku takwas ɗin nan a bayana. Allah ya raya ku, ya tsare ku, ya ji ƙan waɗanda suka rasu a hanyar Kaduna.